Layi Biyu a Kafaɗar Baba Ƙarami

Zuwa ga maigidana mai rowa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da aikin asibitin da ya mantar da kai tsohuwar matarka. Mu nan da sauƙi. Mahaifiyarka dai ta rame, yanzu kuwa za ka ji dalili. A waya ba zan iya faɗa ba, kunnenta ya fi na zomo.

Ka ji rasuwar Baba Ƙarami, ƙanen kakanka, amma rabin labarin aka ba ka. Ranar Litinin da hantsi ya shiga banɗaki, shiru bai fito ba. Kawunka makaniki ya ɓalle ƙofa, ya tarar da shi kwance, ya hau danna masa ƙirji yadda ka koya mana da matashin kai zuwanka na bara. Ka san hannun kawunka, ƙarfe ma tsoronsa yake ji. A asibiti aka ga haƙarƙari uku a karye, ga wani tabo a kafaɗa, suka hana mu gawa. Maƙwabta kuma suka ce sun ji su biyun suna cacar baki da safe kan sare bishiyar tsakar gida. Yau kwanan kawunka huɗu a hannun 'yan sanda.

Jiya aka kai ni wurin likitar da ke binciken gawa, wata 'yar siririya mai tabarau, ofishinta sanyi kamar cikin firji. Ta ce rauni ma dangi-dangi ne: akwai ƙujewa, akwai yanka mai baki sumul, akwai tsagewa, akwai wanda jini ke kwanciya ƙarƙashin fata. Ta ce haƙarƙarin bai dame ta ba, don a jere ya karye ta gaba kuma bai yi jini sosai ba, alamar zuciya ta riga ta tsaya. Har na fara hamdala, sai ta turo mini hoto: layi biyu ja, tsakaninsu fari fes. Ta ce wannan aikin sanda ne, kuma da ransa aka yi masa, ba za ta rufe takarda ba sai ta san hannun wa.

Maigida, tana wannan magana, sandar tana jingine a gwiwata.

Da safiyar Litinin ɗin Baba Ƙarami ya zauna mini a kan tabarau, maimakon ya ba ni haƙuri sai ya ce ai ko da su ban taɓa gane gishiri da sukari ba. Na ɗaga sanda na sauke masa ɗaya, kamar yadda muka saba shekara hamsin. Dariya ya yi, ya ce tsohuwa ta ƙare, ko sauro ba za ta kashe ba. Ni da kowa ya san bakina ba ya rufuwa, a gaban likitar nan ko tari na kasa. Na dawo gida na tura sandar ƙarƙashin gado, tun jiya bango nake bi. Ina tsoron ɗakin da ake kulle mutane. Amma abin da ya fi cin raina, ko duka ɗaya yana tsayar da zuciyar tsoho? Ka ba ni amsa ta gaskiya, ban da irin lallashin da kuke yi wa majinyata.

Matar kawunka ta dawo ɗazu da kwanon abincinsa, ko buɗe shi bai yi ba. Ta zauna kusa da ni tana kuka, wai in yi masa addu'a. Saboda haka gobe da safe zan zaro sandar in kai wa likita da kaina, ta gwada da hoton. Kafin takardar nan ta iso maka na riga na je.

Ka gaishe da gwaggonka da mijinta, da 'yan biyu, da amaryar da kake ɓoye mini. In ka kira aka ce ba na gida, ka gaya wa mahaifiyarka maganin hawan jinina yana cikin gwangwanin zare, ta kai mini.

Taka har kullum,
Kaka