Akwatuna a kan Takarda

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya. Tunda ka daina yi min magana a ofis, alhali teburinka na kallon nawa, ga wasiƙa na sa maka a ƙarƙashin kibod.

Ba zan yi samfurin shafin intanet na makarantar nan da sabuwar manhajarka ba. Na san tana da kyau: maɓalli na dannuwa, hoto na motsi. To kyan nata ne matsalar! Ka manta mai shagon magani? Yana ganin samfurin ya ɗauka shafi ya kammala, ya sanar wa duniya, alhali ko layi ɗaya ba mu rubuta ba. Wa ya sha zagi a waya? Ni, ba kai ba.

Gobe da takarda da fensir zan je wurin shugabar makarantar. Akwatuna kawai zan zana mata, mu fara gane me ke zuwa ina.

Ƙanwarka, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta, kuma ban ji daɗi ba.

Ni na buɗe kamfanin nan, ni na koya miki riƙe linzamin kwamfuta. Wasu kamfanoni za su je da samfuri mai sheƙi, ke kuma ki je da zanen 'yan firamare? Raina mu za a yi. Wannan ne babban aikin da muka samu a bana, ba wurin gwaji ba ne.

Idan kika fita da takardun nan, ki ajiye min makullin ofis. Kuma kada ki kai ƙarata wurin Umma.

Allah ya shirye ki.
Yayanka

Yaya,

Barka da yamma. Makullinka na cikin ambulan ɗin nan, ka duba, ban goge masa haƙori ko ɗaya ba.

Na je. Don kada ka ce na yi son kai, samfurin da ka haɗa da manhajarka na fara nuna mata. Ta ce, "Masha Allah, ya yi kyau," ta naɗe hannu kamar wadda ta shiga falon surukai. Sai dai ta tambaya ko za a ƙara wa shuɗin duhu.

Da na baje takarduna kuwa, baiwar Allah ta fizge fensirin daga hannuna. "Wannan hoton ginin namu me yake yi a sama? Iyaye sakamakon 'ya'yansu suke nema, ba bango ba!" Ta soke akwatin, ta zana nata a karkace. Yaya, naka samfurin ma ba shi da wurin duba sakamako gaba ɗaya. Ni ban lura ba, kai ba ka lura ba, ita ma kwalliya ta rufe mata ido.

Wallahi raina ya ɓaci da ka nemi makulli a wurina. Amma ko yau aka sake, da fensir zan fita. Ban san wa za ta ba aikin ba.

Na bar ka lafiya,
Auta

Auta,

Salam. Shugabar ta kira. Na fara yi mata bayanin manhajar, ta katse ni, wai a turo mata "yarinyar nan mai fensir" ranar Litinin.

Har yanzu zanenki muni gare shi. Ga makullinki.

In za ki shigo, ki taho min da fensir ɗaya.

Yayanka