Ranar Da Na Ce A Jefa

Zuwa ga ƙanwata,

Shekaruna saba'in da huɗu, hankalina yana jikina, kuma ba na neman tausayin kowa, har da naki. Na fara da wannan ne don na san saurin kukanki. Bayan haka, ina gaishe ki da kyau. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san ko da na yi ritaya daga horar da 'yan matan kwaleji ƙwallon kwando, ban rabu da zauren wasa ba. Doguwa, wadda ta gaje ni, ni na tsinto ta tana tafiya a ranƙwafe don kunyar tsayinta, na koya mata ɗaga kai. Da ta zama koci, sai ta sa aka ajiye mini kujera a bayan bencin 'yan wasa, da sunan mai ba da shawara.

Akwai tarbiyyar da na kafa a tawagar nan tun ina da ƙarfina. Yarinyar da ke riƙe da ƙwallo ba ta ɗaga kai ta dubi agogo, domin kafin ta sauke ido an ƙwace. Muryar koci ita ce agogonta. In aka ce jefa, hannu zai jefa kafin zuciya ta yi shawara. Na sha fitar da gwanaye daga fili saboda sun tsaya tunani. Doguwa ta riƙe wannan tarbiyya yadda na ba ta, amma kunya ta hana ta gaya wa yaran cewa muryata ba ta cikin umarni yanzu.

Ga abin da na ɓoye miki. Hawan jinin ido ya cinye mini gani, kuma likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Lambobin da ke kan allon maki dishi-dishi nake ganinsu. Sai dai na san zauren nan kamar yunwar cikina, kuma daga ƙarar takalma a kan katako ina gane wadda ta yi lalaci. Na ɗauka ba wanda ya lura.

Tun farkon shekara hukumar kwaleji ta shaida wa Doguwa cewa in tawagar ba ta tsallake zuwa zagaye na gaba ba, za a sallame ta. Wasan da zai raba gardama aka yi makon jiya. Ana dab da tashi, maki ya zo daidai, ƙwallo tana hannun Auta, ƙaramarsu. Abin da ya kamata shi ne ta riƙe, ta cinye lokaci, ta jefa a ƙarshe yadda abokan karawa ba za su samu damar ramawa ba. Na dubi agogo, idona ya ce mini lokaci ya ƙare. Na miƙe na daka tsawa: “Jefa!”

Yarinya ta jefa daga nesa, ko kwandon ba ta gama saitawa ba. Ƙwallo ta bugi ƙarfe ta faɗa hannun abokan karawa. Ashe da sauran lokaci, har da na yin yanga. Suka tafi a natse suka zura, alƙalin wasa ya busa usur.

A gaban kwamitin hukuma, Doguwa ta ce ita ta ba da umarnin. Auta ma ta ce muryar koci ta ji. Babu mahaluƙi a zauren nan da bai san muryata ba, amma kowa ya yi kamar kurma. Da yamma Doguwa ta zo gidana ta durƙusa, tana kirana Mama, tana roƙona in bar maganar ta mutu. A nan ta faɗa mini cewa ta daɗe da sanin halin da idona ke ciki, har takan sa yara su kwashe jakunkunansu daga hanyata kafin in shigo. Ni da nake taƙamar na ɓoye, ashe renona ake yi. Mace mai 'ya'ya a makaranta tana shirin rasa aikinta don kada a ce tsohuwa ta makance.

Ranar Litinin na yi shiga ta mutunci, na je gaban kwamitin ba tare da gayyata ba. Na ce muryata ce. Shugabansu ya soma zancen girmamawa da shekarun da na yi ina hidima, sai na katse shi, na ce ya nuna mini agogon bangon ofishinsa ya tambaye ni ƙarfe nawa. Ya tambaya a kunyace. Na tsaya a gabansu, na duba iya dubawata, na ce ban sani ba. Ban taɓa furta wannan kalma a harabar kwalejin nan ba sai ranar.

Sun bar wa Doguwa aikinta. Na ajiye muƙamina kafin su nema.

Gidan da nake ciki a da yana jikin zauren, ana jin bugun ƙwallo ta taga. Jiya na kwashe kayana na koma wani ɗaki a can ƙarshen gari, bayan tashar mota. Ba matakala, kuma akwai famfo a tsakar gida. Kada ki aiko a ɗauke ni, ba zan zo ba. In Doguwa ta tambaye ki inda nake, ki ce ba ki sani ba. Za ta zo ta durƙusa, zan bi ta, kuma na san kaina: in na ji ƙwallo a hannun yarinya, bakina ba zai yi shiru ba.

Ki gaida maigidan da yara duka.

Yayarki,
Tsohuwar Koci