Allon Larai da Hannun Baba

Litinin, 7 ga Maris, 1988
Na dawo Gwandu jiki duk ya mutu. Kwana uku muna yawon nuna majigi a ƙauyuka, fim ɗin takin zamani, wanda na haddace kamar karatun sallah. Salamatu ko ruwa ba ta bari na sha ba ta tare ni da zancen saukar ɗiyarmu Larai. Kafin azumi za a yi, ga allo ba zayyana. Duk jikokin gidan nan Baba ya zana wa allon sauka, saura ita kaɗai.

Alhamis, 10 ga Maris
Na yi wa Baba maganar. Ya ɗago hannuwansa ya nuna mini, yatsun sun lanƙwashe da sanyin ƙashi, ko kofi ba ya riƙewa. "Da mi zan zana, Lukuman? Da haƙori?" Ya juya fuska bango. Mutumin da ake zuwa daga Argungu neman zayyanarsa, yau sai an ba shi fura a baki. Na fito. Ni ma dai na gaji.

Asabar, 12 ga Maris
Zafi. Janareto ya sake mutuwa.

Laraba, 16 ga Maris
Kalgo. Abin kunya yau! Ofis sun haɗo mana gwangwanin fim da ba namu ba. Jama'a sun taru ganin yadda ake feshin auduga, sai ga wasu tsofaffin Turawa masu gemu suna shafa fenti a ƙyalle, ba magana ba kiɗa, hoton sai rawa yake don tsufa. A jikin gwangwanin an rubuta wai shahararrun masu zane ne na zamanin da. Atiku direbanmu ya karɓi lasifika yana yi musu fassarar ƙarya, wai wannan Bature ƙofar surukinsa yake wa fenti. Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Akwai wani tsoho a ciki, a kujera yake zaune, hannuwansa dunƙule cikin tsumma, an soka masa burushi tsakanin yatsu. Hannun Baba sak.

Alhamis, 17 ga Maris
Tun da ina Kalgo na leƙa wurin Malam Abdulgani mai zayyana. Ya ce in kawo allon, mako guda ya gama. Sai ya tambaye ni, "Babanka Malam Sambo ya san ka zo?" Na ce a'a. Ya ce shi fa a gaban Baba ya koyi riƙe alƙalami. Wannan kuma ina ruwana, ni allo nake so. Amma na san ranar da allon nan ya fita gidanmu, Baba ba zai ƙara tashi daga shimfiɗa ba.

Lahadi, 20 ga Maris
Ban san abin da ya hau kaina ba. Na shigo da injin majigi zaure da hantsi, muka toshe ƙofa da bargo, muka tallabo Baba. Ya yi ta faɗa, wai shi bai taɓa kallon hoto ba, sai da ya tsufa za a kawo masa shaiɗan har gida. Na kunna dai fim ɗin Turawan nan masu zane. Na zaci zai ga tsohon nan ya ji ƙarfin gwiwa, a ce ga wani can bai sallama ba.
Ko kallon zanen bai yi ba. Ya ce in maido baya. Na maido. Ya nuna da haɓa: "Wancan da ke tsaye gefenai, mai gyara mai burushi, wane na?"
Na ce ban sani ba, ƙila ɗansa ne.
Ya ce, "Uhm. Ɗanai."
Shi ke nan. Ya ce a maida shi ɗaki. Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Talata, 22 ga Maris
Majigi a Malisa da Dalijan, taki, taki. Ban yi barcin kirki ba. Salamatu ta naɗe allon a zane ta ajiye mini kan babur, in kai Kalgo ran Jumma'a.

Jumma'a, 25 ga Maris
Ban je Kalgo ba. Tayar babur ba ta da iska sosai. Da na rasa abin yi na jiƙa ƙaro, na dama tawada, ja da ɗorawa, yadda nake gani Baba yana yi muna yara. Na kai masa don kawai ya duba. Ya ce ta yi ruwa, ko akuya ba za ta dama haka ba. Ya sa na sake.

Litinin, 28 ga Maris
Na yage bakin tsohon rawaninsa na ɗaure masa alƙalami a yatsu. Layin farko ya karkace, tawada ta ɗiga. Ya yi tsaki, hawaye na zuba, ni kuma na riƙe masa gwiwar hannu ina kallon ƙasa. Daga hantsi zuwa azahar, kusurwa ɗaya ta allon. Bayana kamar zai tsinke. Ya sha fura da yawa yau, Salamatu ce ta lura.

Asabar, 2 ga Afrilu
Atiku ya zo da mota, na ce ya faɗa wa ofis ba ni da lafiya. Ba ƙarya ba ce duka, ƙugu na ciwo. Allon ya kai rabi. Ba zai yi kyan na yayyenta ba, layukan suna rawa, kowa zai gani. Larai ta leƙo ta ce ita nata ya fi na kowa, Baba ya kore ta wai tana tare masa haske.
Da la'asar ina kwance masa tsumman ya ce, bai dube ni ba, "Ɗaurinka ya yi tsauri, Lukuman. Wancan yaron na Bature ya fi ka iyawa."
Gobe zan sassauta. Ya ce in zo da wuri.