Kada Ki Tuƙa Alabon Garatu

Dutsen Kura, Minna.

Zuwa ga 'yata Hadassah,

Kafin gaisuwa, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki ji. Buhun alabon da na aiko miki Legas, kada ki tuƙa shi. Kada ki dama wa jikata Testimony kunu da shi, kada ki zuba wa kaji, kada ki ce za ki ba maƙwabta don kar ya yi asara.

Bayan haka, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da maigidanki Victor da jikata kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ku, ya ba Victor sa'a a wurin aiki. Mu nan mun gode wa Allah. Babanki ƙafar ta yi sauƙi, har yana zuwa sujada da kansa. Ƙaninki Josiah kuwa an sallame shi daga asibiti, amma har yanzu in ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango.

Na rubuto ne domin ban ji daɗin yadda muka yi a waya ba. Ina faɗa miki abin da ya same mu, kina ce mini ai zazzaɓi ne ko zafin Minna, wai buhu guda ba abin zubarwa ba ne a wannan tsadar. Na san "to, Mama" ɗinki tun kina goye. In kin faɗe shi da sauri haka, ba ki da niyyar yi. Shi ya sa na ba Christopher direba wannan takarda, na ce ya sa miki a hannu, ya tsaya har ki karanta.

Ran Lahadi da muka dawo daga coci na tuƙa tuwon alabon nan da miyar kuɓewa. Ni da babanki ba mu ci ba, mun riga mun ci shinkafa a wurin bikin godiyar 'yar cocinmu Magdalina. Josiah ya dawo daga ƙauyen Gidan Kwano da yunwa, ya share malmala har da ƙari. Kafin la'asar ya ce kansa na sarawa, ƙasa na juyawa. Sai amai. Sai na ga saurayi kamar Josiah, wanda ke ɗaga buhun masara shi kaɗai, ya zube a bakin ƙofa yana haki kamar wanda aka koro, alhali ko taku goma bai yi ba. Yana jan numfashi, yana ja, amma yana nuna mini da hannu wai bai ishe shi ba. Hadassah, na binne uwa na binne uba, ban taɓa jin tsoro irin na cikin keken da ya kai mu asibiti ba. Kansa a cinyata, ina kiran sunansa, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba.

Likitar da ta karɓe shi tambayarta ta farko me ya ci. Da na ce alabo, ta ce an jiƙa rogon ko ba a jiƙa ba. Na ce ban sani ba, na ji kunya. Bayan an sa masa iska da ƙarin ruwa ya dawo hayyacinsa, ta zaunar da ni ta yi mini bayani, sai karatun da Malam Andrawus ya koya mana a sakandare ya dawo mini. Ganye shi ne madafar shuka: yana kama hasken rana, ya haɗa da ruwa da iska, ya yi abinci. Rogo kuwa yana tura nasa abincin ƙasa ya ɓoye a saiwa, sa'annan mai ɗaci yakan sa wa rumbunsa guba don kada a ci masa. Mu kuma jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace da ɗan murhunta, inda take ƙona abincin da iskar da muka shaƙa, a nan ƙarfi ke fitowa. Likita ta ce wannan gubar murhun take toshewa. Iska na cikin jini, abinci na ciki, amma wuta ba ta kamawa. Mutum yana numfashi yana shaƙewa. Ta ce girman jikinsa ne ya taimake shi. Na ce mata na aika wa 'yata irinsa Legas, in yarinya ce ƙarama ta ci fa? Ta dube ni kawai, ta ce in kira Legas yanzu.

Da na je Garatu na titsiye kawunki Ndatsu da ya ba mu alabon, ya ce bana ya karɓi iri a wurin maƙwabcinsa, ya ɗauka rogo mai zaƙi ne irin wanda muke dafawa. Rafinsu ya ja baya, ga hadari na haɗuwa, sai suka ɓare suka yanka suka shanya a gefen kwalta kai tsaye, ba jiƙo. Wai ai rana za ta cinye ɗacin. Na ce masa gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido. Kakarku takan bar rogo a ruwa har ya yi tsami, unguwa duka na jin warinsa, muna toshe hanci muna yi mata dariya. Ashe ranmu take tsarewa. 'Yan yanzu kuna son komai fari fes, ba wari, ba jira.

Na san abin da za ki ce: ni ce na doke ku a kan loma ɗaya da kuka zubar. Haka ne, kuma gobe ma zan yi. Amma wannan ba abinci ba ne. Namu babanki ya haƙa rami a bayan gida mun binne. Ke ma ki nemi inda ba mai tonowa. Ba zan sami natsuwa ba sai Victor da bakinsa ya kira ni ya ce buhun ya bar gidan. In kuwa kun riga kun ci, kika ga Testimony na layi ko amai, kada ki ba ta manja ki zauna jira, ki ɗauke ta a guje, ki faɗa wa likita kalmar rogo tun daga ƙofa.

Babanki na gaishe ku. Josiah ya ce a gaida yayarsa, ƙannenki Praise da Goodness ma haka. Ki gaida Victor, ki gaida surukarki Mama Charity, ki shafa mini kan Testimony.

Ga dokar da na kafa, ta kama gidan nan ta kama naki: daga yau ba alabon da zai hau murhunmu sai wanda muka jiƙa da hannunmu, ya kwana a ruwa har ya yi tsami, na matsa shi da yatsa ya fashe. Na kyauta ne, na kasuwa ne, ko daga hannun ɗan'uwa ya fito, in ba mu ga jiƙonsa ba, ba ya shiga tukunya.

Ni ce mahaifiyarki,
Salamatu Yona