Tarin Duwatsun Masauka Ba Shara Ba Ne

Zuwa ga Mai girma Mudirin kamfanin da ke kafa shinge a bakin teku, kudu da Jidda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya aiki? Ni yarinya ce daga unguwar Ruwais a Jidda, bana na gama firamare. Ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na rubuto. Na yi da Hausa, Baba zai mayar maka da Larabci.

Maganar a kan ƙauyen nan ce da shingenku ya ratsa. Mu Masauka muke ce masa. Na duba taswirar littafinmu na makaranta ban gan shi ba.

1. Abin da na gani. Gida goma sha ɗaya na ƙirga, huɗu a rufe, masu su sun koma Jidda. Akwai masallaci ƙarami, da rijiya, da itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri ba sa mutuwa. Har yanzu ban gane yadda suke yi ba. Wani tsohon masunci, Ammu Salim, ya nuna mini inda ruwan teku ya fi duhu. Ya ce duk gaɓar nan duwatsun murjani sun tare ta, sai wurin kaɗai akwai ƙofa, saboda nan kwari ke zubo ruwa in an yi ruwan sama a kan tsaunuka. Da gaske ne? Injiniyoyinku sun san haka?

2. Abin da Kaka ta faɗa mini. Kakata, Hajiya Hauwa, tana ƙarama aka haye da ita daga Sudan a jirgin ruwa na katako, za su hajji. Ta ƙofar nan suka shigo. Ta ce duk wanda ya sauka da rai sai ya ɗauki dutse ya ɗora a kan tarin da ke bayan rijiyar. Wanda ya rasu a teku kuwa, ɗan'uwansa ke ɗora masa farin murjani. Ba bauta ake yi ba, kuma ba kabari ba ne. Alama ce ga na baya, su san wasu sun iso. Uwarta ce ta ɗaga ta har ta ɗora nata, sannan suka ɗora fari ɗaya na ƙaninta.

3. Abin da ya faru. Juma'ar da ta wuce muka je da Baba, muka tarar an kwashe kusan rabin tarin an cike ramukan ƙarafunan shinge da shi. Mai gadi ya ce sun ɗauka baraguzan gini ne, sauran ma za a kwashe. Ban ga laifin leburorin ba, babu rubutu a jiki. Amma a gindin ƙarfe ɗaya na ga farare uku cikin siminti.

Ina da tambayoyi, in ba rashin kunya ba ne. Kafin a fara aiki, wa ake tambaya labarin wuri? Su wa suka haƙa rijiyar, kuma me ya sa ruwanta ke shawuwa alhali teku na kusa? Mene ne sunan ƙauyen a takardunku?

Roƙona biyu ne. A bar abin da ya rage, ko da shingen zai ɗan karkata. Sannan a turo wani ya zauna da Kaka ya rubuta, don ta san sunayen waɗanda suka sauka tare da ita, kuma ƙwaƙwalwarta ta fara gajiya. Tana gida kullum bayan la'asar, akwai shayi.

Ta ce a kai ta Masauka kafin azumi. Ni da Baba ba mu gaya mata komai ba tukuna. In ba za a bar duwatsun ba, don Allah ka sanar da ni da wuri, in nemi yadda zan faɗa mata.

Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a aikinku, ya raya zuri'a.

Wassalam.

'Yarka,
Maryam, jikar Hajiya Hauwa, Ruwais, Jidda.