Sun Ce Ba Kya So Na, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da mahaifiyarta, da roƙon Allah ya sanyaya makwancinki, ina rubuto miki ne daga Yamai, inda na shiga shekara ta biyu a jami'a.

Kin bar mu bara ba ki gane abin da nake karantawa ba. Na ji kina ce wa maƙwabta, "Wai gatana taka koyo can, kamar tsofaffin Kurfai sun ƙare." To, gaskiyarki. Rubuta labari ake koya mana. Kowa ya rubuto nasa, ya tashi ya karanta a gaban aji, sauran su yi masa fiɗar rago.

Watan jiya malamarmu ta ce kowa ya rubuto mahaifiyarsa. Na yi murna, na ce abin nema ya samu. Na rubuta ki yadda kike: kina sussuka a bayan gidanmu na Filinge, kina kiran ƙannena Rabi da Sani da sunayensu, ni kuma in ana nema na sai ki ce, "Ina waccan?" Na rubuta yadda kike ɗora Rabi a cinya ki yi mata kitso, ni kuwa sai ki tura ni wurin Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba. Na sa har ranar da zan taho Yamai, da ba ki raka ni tasha ba, kika aiko Sani da garin fura da busasshen zogale.

Ina gama karantawa, wata 'yar birni ta ɗaga hannu ta ce wannan uwa ba ta son ɗiyarta. Wani ya ce ko kishiyar uwa ce na ɓoye. Inna, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce musu ni ɗiyar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙi ba.

Malamar ta san al'adar, ita ma ɗiyar fari ce. Amma ta ce mai karatu ba ya bin marubuci gida ya ji bayani. In akwai so, in nuna shi a cikin labarin.

Nan fa ake yin ta. Na zauna zan nuna, na rasa abin nunawa. Na ƙago miki magana mai daɗi na sa a bakinki, sai na ga wata mata ce daban, ba ke ba, na goge. Daga nan tsoro ya kama ni. Ba makin malama nake ji ba, Inna. Tsorona shi ne kada yaran nan su fi ni gaskiya, a ce na girma ina kiran abin kunya alhali ba ita ba ce.

Da aka ba mu hutu na shiga motar gida. Muka wuce Baleyara har muka isa Filinge. Na tarar da Gwaggo Hajo tana tsinke yakuwa, na zauna, na kasa yin kwana-kwana, na tambaye ta kai tsaye. Ta dube ni ta ce, "Ke, karatu ya ɓata ki! Wa ka tambayar wanga abu?"

Sai da ta gama tsinkar ta tuna mini ranar da sakamakon bak, jarrabawar shiga jami'a, ya fito. Ina tune da ita sarai. Mata sun cika gida suna guɗa, ke kuwa kin juya baya kina bakace, har kika ce a rage hayaniya, kaji na watsewa. Ranar na yi kuka a bayan rumbu.

Ashe da kika aje faifan, ɗakin Gwaggo kika shiga. Ta ce kin saki asabari, kika cusa bakin zanenki a baki, kika rangaɗa guɗa har sau ba adadi, ba mai ji sai ita. Da kika gama kika share ido, kika ce mata, "In kin hwaɗi, ban yahe ba."

Wayyo Inna. Ina bayan rumbu, kina cikin ɗaki, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Kada ki riƙe Gwaggo, ni na matsa mata. Ni ma ki yafe mini, don na rubuta, kuma jiya na karanta a gaban aji. Na tona miki asiri a gaban baƙi, kuma ban ji kunya ba ko kaɗan. Ke kin riƙe taki har kabari, ta ishe mu mu biyu.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya haɗa mu a inda za ki dube ni ido da ido ba mai ganin baikenki.

Taki har abada,
Ɗiyarki ta fari.