Sungumin Baƙo

Daga Mudi zuwa ga yayana Bature, a Bakori.

Gaisuwa da girmamawa. Bayan haka, jakina ne ya yi targaɗe a hanyar Malumfashi, shi ya sa ba ku gan ni ba. Na sauka a Dutsen Ladidi, wani ƙauye a bisa dutse, gidan Malam Shitu, manomin da ke saukar da fatake. Matarsa Shafa'atu ke tuƙa tuwo, 'ya'yansa ke hawo da ruwa daga gindin dutse. Baƙo a nan ba ya taɓa komai, ko tulu ba a bari ya ɗaga. Ina zaune bakin zaure ina kallon gonaki can ƙasa, har na fara ƙiba. In jakin ya taka zan taho. A gaida Inno. Wassalam.

Daga Bature zuwa ga Mudi.

Gaisuwa. Bayan haka, madalla da ƙiba. Ni kurkunu ya kama ni a ƙafa biyu, sai an riƙe ni nake zuwa bayan gida. Ruwan shuka ya sauka. Ka san bara gonar Baba ta kwana babu shuka saboda rasuwarsa. Mai gari ya ce in bana ma ta kwana, zai ba Mati da ke maƙwabtaka da mu, kuma Mati har ya fara zagaya iyakarta. Ka bar jakin nan, ka taho da ƙafarka. Inno kuwa kullum da la'asar tana bakin ƙofa. Wassalam.

Daga Mudi zuwa ga yayana Bature.

Gaisuwa, da sannu da jiki. Bayan haka, na yi kuskure. Ranar da aka yi ruwa gidan duk suka gangara gona, zama ya ishe ni, na bi su. Na ga sungumi a jingine, na ɗauka na sara wani gefe, na zuba dawa. Da na ɗago sai na ga kowa ya tsaya. Tsohuwa, uwar mai gidan, ta ce, "Baƙo, ai ka shuka kanka." A garin nan wanda ya shuka shi ke girbe, ba a cin shukar wani. Tun ranar aka ɗauke akushin baƙi daga gabana, da 'ya'yan gida nake sa hannu. Dawar ta tsiro, ƙasar wurin baƙa ce, tana riƙe ruwa. Ka roƙi mai gari ya yi haƙuri zuwa kaka. Wassalam.

Daga Malam Shitu na Dutsen Ladidi zuwa ga Malam Bature.

Aminci da gaisuwa mai yawa, Allah ya ba ka lafiya. Bayan haka, falken da ya kawo takardarka ya ce kana zargin mun tsare ƙanenka. Al'adar gaskiya ce, amma ba mu ɗaure kowa da ita. In baƙo yana da uzuri, yakan damƙa sungumin a hannun mai gida a gaban shaidu, ya tafi. Na faɗa masa haka, na kuma tara mutanen. Ya riƙe sungumin ya ce, "Malam, a Bakori tun ina yaro, in mun je gona, kunyar da yaya ya nuna nake bi. Wannan ni na sara." Na ga ba daidai ba ne in bar ka cikin jira. Jakin ya daɗe da warkewa, ruwa yake ɗauko mana. Haza wassalam.

Daga Bature zuwa ga Mudi.

Gaisuwa. Bayan haka, mai gari bai jira ba. Mati ya shuka gero a gonar Baba, ya kuma sare ɗorawar da muke hutawa a gindinta. Na ji zafi ƙwarai, amma ƙafar ta fara sauƙi. Inno ta daina zama a bakin ƙofa. Ta ce in ka girbe ka aiko da dami ɗaya, tana so ta ɗanɗana dawar da ka shuka. Wassalam.